Sabon Fita Ya Gyara Min Kwamfuta

Ku matso, jama'a. Yau babu doguwar gaisuwa, domin labari na zo da shi, kuma ba na soyayya ba ne.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce ta biyu a gidanmu, kuma manhaja nake rubutawa a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa na'urar awon jini ta ƙananan ɗakunan gwaji. Yayata ta laƙaba min Mai Baƙin Allo, wai duk sanda ta leƙo kwamfutata ba ta ganin komai sai baƙi wuluk da ƙananan rubutu suna tafiya. Akwai kuma wani bawan Allah da ke zuwa wurina, wanda Umma ke kira Injiniya baki har kunne, ni kuwa a raina Sabon Fita nake ce masa. Mutumin nan ba ya iya riƙe abu bai sanar da kai yaushe aka ƙera shi ba. Wayarsa sabon fita ce. Agogonsa sabon fita. Gilashinsa, takalminsa, har turaren nan da ke riga shi shigowa falo, ya kuma ƙi fita bayan ya tafi. Ranar da ya fara zuwa ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo min katinsa, an rubuta da ruwan zinare: Shugaba Kuma Mamallaki. Daga baya na gano kamfanin shi ne da firinta guda.

Shafukan intanet yake haɗa wa masu shaguna. Ya ɗauko wanda wasu suka riga suka gina, ya canza launi, ya manna hoton takalma. Ban raina ba, sana'a ce. Abin da ke ci min rai shi ne yadda yake kallon nawa aikin, da wannan murmushin na babba ya ga yarinya tana wasan girki.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba za ku ce na cika faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urarmu tsohuwa ce, ba ta jin yaren sababbin kayan aiki. Saboda haka mu ba ma sauko da abin da aka gama haɗawa mu danna mu wuce. Daga tushe muke ginawa. Mu ɗauko ɗanyen rubutun kompaila, wato manhajar da ke juya abin da muka rubuta ya zama abin da na'ura ke ganewa, mu gina ta da kanmu. Da ita kuma mu gina laburare ɗaya bayan ɗaya, su ne guntayen manhajar da wasu suka rubuta aikinmu ya jingina da su. Sai a ƙarshe namu ya hau kai. Kowace laburare da lambar sigarta, kuma kowace mun ɗaure ta a lambar da muka gwada muka ga tana zaman lafiya da 'yan uwanta. Fayil guda ne ke riƙe da wannan ɗaurin. Ka saki ɗaya ta ja wata, watan ma ta ja wata, kafin ka ankara na'ura ta fara karanta jinin mutum ba daidai ba.

Shugabar sashenmu, wadda duk muke kira Madam, mace ce da ba ta maimaita magana. Za ka iya shanye mata shayi ka kwana lafiya, amma ba ka taɓa fayil ɗin nan. Bara ta damƙa shi a hannuna, a gaban mazan da suka riga ni shiga kamfanin, kuma na san wasu har yau bai wuce musu a wuya ba. Doka ɗaya ta haɗa min da shi: kwamfutar ofis ba ta shiga hannun kowa, ko uwar da ta haife ka. Akwai wanda ya taɓa ba matarsa ta kalli fim a kan tasa. Kujerarsa ni nake zaune a kai yanzu.

To, ranar Asabar da hantsi na tayar da gini tun daga ƙasa, domin ranar Litinin za a ɗora wa sababbin na'urori. Ginin nan awoyi yake ci, kuma in kwamfuta ta yi barci a tsakiya sai ya tsaya, a koma farko. Don haka na kashe barcin, na kashe kullewar allo, kamar yadda kowa a sana'ar nan ke yi in yana gida. Soket ɗin ɗakina kuwa sai ka danne shi da littafi yake kawo wuta, shi ya sa na kai ta falo, na ɗora a kan teburin cin abinci, gefen fulas ɗin Abba da furen robar nan da Umma ke wankewa duk mako kamar zai yi tsiro. Fanka na kaɗawa, rubutu na gangarowa, raina fes.

Sai ga Umma ta fito da mayafinta ruwan toka, jaka a hammata, da leda mai ƙyalli a hannu.

"Tashi mu je wurin tela."

"Umma aiki nake."

"Wane aiki? Tun ɗazu nake kallonki, hannunki ko taɓa abin bai yi ba. Ita ke aikinta, ke kina zaune kina gadinta."

"Gadin ma aiki ne."

"Yaron nan ya aiko da leshi tun wancan makon, kin bar shi a leda kamar kayan wanki. In ya tambaya me zan ce? Kwamfuta za ki aura?"

A raina na ce ita dai ba ta taɓa ce min ita sabon fita ba ce. A fili kuwa na ɗauko takarda na rubuta KAR A TAƁA da manyan baƙaƙe, na jingina a jikin allon. Yaya na kwance a doguwar kujera, ta zo wuni daga gidanta, tana danna waya da faratan da ta sha wa lalle.

"Yaya don Allah, kar kowa ya taɓa min."

"Wa zai taɓa wannan baƙin abin? Ko kyauta aka ba ni."

Na zura doguwar rigata baƙa, na yafa gyale, muka fita.

Shagon telan cike yake da mata da zafi da ƙarar keke. Ina tsaye hannuwa a ware, tela na zagaye ni da tef tana kiran lambobi, Umma na gefe tana ba da umarni, a matse nan, a saki can, hannu ya zama irin na yayi. Leshin kuwa ruwan hoda ne mai duwatsu, irin wanda in ka sa sai an ji tafiyarka. Wayata ta yi ƙara a jaka. Ta sake. Ta kuma sakewa. Na ce wa tela ta yi haƙuri.

Dogo ne, abokin aikina, wanda teburinsa ke kallon nawa. Saƙo uku ya jero min.

"Lafiya kuwa?"

"Ko an sace miki kwamfuta?"

"Ko aure ne ya fara taɓa ki?"

Ƙasan saƙonnin ya turo hoto. Rumbunmu ne, inda duk muke tura aiki kowa ya gani. Duk abin da aka tura can, akwai babbar kwamfutar ofis da ke ɗauka ta gina ta gwada, in lafiya ta nuna kore, in da matsala ta nuna ja ta aika wa kowa. Ja ne. Ja daga sama har ƙasa. A saman jan ga sunana, ga hotona da gilashi, ga bayanin abin da wai na tura: "Na share tsofaffin tarkace, komai ya zama sabo." Da hoton zuciya ja a ƙarshe.

Zuciya, jama'a. A rumbun kamfani. Ni da ko a saƙon barka da haihuwa ba na sa zuciya.

Ban gama haɗiye wannan ba na Madam ya shigo, gajere kamar kullum. "Na ga abin da ya faru. Ki mayar da shi yadda yake. Zan kira ki bayan la'asar, tambaya ɗaya gare ni: ke kika yi ko wani."

Ban san sanda na bar tela da tef a hannu ba. Umma na biye da ni tana faɗa har bakin titi, wai na kunyata ta, ko faɗin kafaɗa ba a auna ba.

Tun daga ƙofar gida turaren ya tare ni. Motarsa na nan an goge ta har tana ɗaukar ido. Na shiga falo, ga shi zaune a kujerata, a gaban kwamfutata, cikin farar shadda da ta sha guga har tana iya tsayuwa ita kaɗai, ƙafa ɗaya kan ɗaya, agogo a waje da hannun riga don kar a ce ba a gani ba. An kawo masa lemo da biskit a farantin baƙi. Takardata ta KAR A TAƁA kuwa tana ƙarƙashin kofinsa, ta jiƙe, an mayar da ita matashin kofi. Abba na can kujerarsa ta lungu da jarida, gilashi a kan hanci, kamar ba ya ɗakin.

"Gimbiya!" Ya buɗe hannuwa. "Zo ki ga abin da na yi miki. A'a, fara rufe ido."

Ban rufe ba. Na tsaya a kansa ina kallon allon. Ginina da ya yi nisa babu shi, sai 'yar alamar nan da ke jiran a yi rubutu tana ƙiftawa ita kaɗai.

"Me ka taɓa?"

"Ko sannu babu?" in ji Yaya daga kujera. "Bawan Allah tun da ya zo bai huta ba."

"Bar ta, Yaya, mamaki ne ya kama ta." Ya gyara zama, ya fara lissafa min da yatsu. "Ina shigowa na ga abu na ta zubo da gargaɗi, ruwan ɗorawa ko'ina. Na ce subhanallahi, haka Gimbiya ke fama? Na duba, wallahi kayan da kike aiki da su wasu tun ina makaranta aka daina yayinsu. Sai na tsayar da shi."

"Ka tsayar."

"Na tsayar. Na buɗe wani fayil na ga an bi kowace laburare an manna mata tsohuwar lamba. Shi ne matsalarki! Kin hana su motsi. Na goge lambobin duka, na ce ya ɗauko na ƙarshe, sabon fita."

Na sauke jakata a kan tebur.

"Bai yi maka ƙorafi ba?"

"Ya yi mana. Wasu gwaje-gwaje ne suka yi ta ihu, wai wannan bai dace da wancan ba. Na kashe su. Ina kashewa ya wuce sumul, ko lemona ban gama sha ba. Ke kuma kin zauna tun safe!" Ya yi dariya, ya waiwayi Umma da ta shigo tana haki. "Umma, abin da take kwana a kai ne na gama mata yanzu."

"Allah Ya yi maka albarka," in ji Umma. "Ka gani ko? Ni dama na ce wahalar da kanta take yi."

"Sannan ka tura rumbu," na ce.

"Eh mana, na ga a buɗe yake. Na ce bari ogarki ta ga ƙoƙarinki tun kafin Litinin. Ban sa sunana ba, ke na bar wa ladan."

Ku ji fa. Ya bar min ladan. Gwaje-gwajen da ya kashe su ne masu tabbatar da cewa in jinin mutum ya nuna kaza, na'ura ba za ta rubuta wani abu dabam ba. Shekara biyu muna tara su, duk wanda ka gani a ciki akwai ranar baƙin cikin da ta haife shi. Shi kuwa ihu ya ji, ya toshe musu baki, ya koma kan biskit ɗinsa. Allah Ya taimake mu babbar kwamfutar ofis ba ta san Shugaba Kuma Mamallaki ba, ta yi nata gwajin ta ƙi amincewa, don haka babu abin da ya isa ga na'urar kowa. Amma a lokacin na kalli mutumin nan da kyau, daga hular har takalmin, na ji duk wani ɗan guntun girmansa da nake lallaɓawa saboda Umma ya zube. Raini ne zalla ya rage, ba zan ɓoye muku ba.

"Tashi," na ce.

"Ke!" in ji Umma. "Injiniyan kike cewa tashi?"

"Injiniya, don Allah ɗaga min kujerata."

Ya tashi yana murmushi, ya koma kusa da Yaya. Na zauna. Mayar da fayil ɗin ba wuya, rumbu na riƙe da kowane tsohon kwafi, layi biyu na rubuta komai ya koma mazauninsa, lambobi suka dawo, gwaje-gwaje suka farka. Na tura. Na share tarkacen da ya sauko da su, na sake tayar da ginina daga ƙasa, daga kompaila, kamar safiya ba ta taɓa yi ba. Sai dai rumbu ba ya mantuwa. Abin da aka tura ya zauna ke nan a tarihi, da sunana da zuciyarsa, duk wanda ya zo kamfanin nan ko bayan shekara goma zai gani.

Kuma tambayar Madam na jirana. In na ce ni ce, na zama wadda aka ba amanar fayil ta kwance shi da hannunta ta kashe gwaji, ba za a kore ni ba wataƙila, amma za a karɓe shi a ba wani, in koma mai gyara launin maɓalli har in tsufa. In na ce wani ne, kun dai ji labarin mai kujerata.

Na juyo. Na sassauta murya iya yadda zan iya.

"Injiniya, abin da ka yi ya ja min magana a ofis. Shugabata za ta kira yanzu. Ina so in ta kira ka karɓa, ka gaya mata ba na nan ka taɓa, ban sani ba, ban sa ka ba. Wataƙila in ta ji daga bakinka ta sassauta."

Murmushin ya ɗan rage. Ya gyara agogo.

"Ni in yi wa wata bayani? Gimbiya, ki duba matsayina mana. Ina da kamfani. A ji a gari an ce na shiga kwamfutar wasu, ai sunana ne zai ɓaci."

"Nawa fa?"

"Ke ma'aikaciya ce, kuskure ai kowa na yi. Ki ce hannunki ne ya zame."

"Hannuna ya zame ya goge lamba talatin da wani abu, ya kashe gwaji, ya sa zuciya?"

Yaya ta ƙyalƙyale da dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta yi shiru.

"Kin cika ɗaukar abu da zafi," ya ce. "To a ce ma sun sallame ki. Sai me? Wata nawa ya rage? Ai dama mun gama magana da Umma, bayan biki za ki ajiye aikin nan. Matata ba za ta riƙa zama gaban baƙin allo tana gadin tsofaffin kaya ba. In kina son taɓa kwamfuta ga kamfanina, ki riƙa amsa min saƙonnin kwastomomi."

Ban kalle shi ba. Umma na kalla. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafin da ba abin da ya same shi.

"Umma, kun gama magana?"

"To... ai cewa na yi za a duba. Ke ma kin san mace in ta yi aure..."

"Yaushe za a gaya min? Ko shi ma sai na gani a rumbu?"

Wannan ya fi komai yi min ciwo, ya fi jan allon, ya fi zuciyar. Matar da ta sayar da sarƙarta ta saya min kwamfutar farko, ita ce aka zauna da ita a falon nan, a kan lemo da biskit, aka goge min aiki kamar yadda ya goge lambobin, don wani ya ga tsoho ne a idonsa. Jaridar Abba ta sauka kaɗan, na ga idanunsa ta saman gilashi.

Wayata ta ɗauki ƙara. Madam.

"Ki ce ke ce," ya faɗa da sauri, ƙasa-ƙasa. "Gimbiya, ki rufa mana asiri."

Mana. Na ɗauka, na danna lasifika, na ajiye ta a tsakiyar tebur kusa da jiƙaƙƙiyar takardata.

"Ina wuni, Madam."

"Lafiya. Na ga kin mayar. Ke kika yi ko wani?"

"Ba ni na yi ba, Madam. Ina gini ne na kashe kullewar allo, na bar ta a falo na fita. Wannan nawa ne. Wani ya zauna ya kwance fayil ɗin, ya kashe gwaji, ya tura."

Ina jin ƙarar cokali a kofi daga can ɓangarenta.

"Kin san doka."

"Na sani."

"Waye shi? Ɗan gidanku ne? Mijin da Dogo ke cewa za ki aura?"

Sabon Fita ya zaro ido yana girgiza min kai, yana nuna kansa yana kaɗa yatsa. Umma ta ɗago. Yaya ta ajiye waya, abin da ban taɓa gani ba. Na kalle shi sosai, farar shadda, agogo, ɗan gumin da ya fara tsattsafo masa a goshi duk da fanka.

"A'a, Madam. Ba kowana ba ne. Wani baƙo ne ya shigo gidanmu, yanzu ma zai tafi."

"To. Zan turo miki saƙo." Ta kashe.

"Baƙo?" Ya miƙe tsaye. "Ni ne baƙo? Umma kina ji? Bayan duk abin da na..."

"Injiniya." Muryar Abba ce, karo na farko tun da na shigo. Ya ninke jaridarsa a hankali, ya tashi, ya ɗauko makullin motar daga kan tebur, ya miƙa masa da hannu biyu kamar mai ba da kyauta. "Ga makullinka. Gara ka kama hanya kar magariba ta same ka. Ka gaida mutanen gida."

Ya tsaya yana jiran wani ya ce a'a, zauna. Ya kalli Umma, Umma na kallon ƙasa. Ya kalli Yaya, ta koma kan wayarta. Ya karɓi makullin. A bakin ƙofa takalmin nan sabon fita ya ƙi shiga ƙafa, sai da ya durƙusa ya sa yatsa, muna tsaye muna kallo. Turaren dai ya zauna tare da mu har bayan sallah.

Na kwashi kwamfutata na kai ɗaki, na danne soket da littafi, na kulle ƙofa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka, ba don shi ba, Allah Ya kiyaye. Don kujerata ta ofis na yi, da tagar da ke gefenta, da fayil ɗin da na san dalilin kowace lamba a cikinsa. Ana idar da magariba babbar kwamfutar ofis ta gama nata, ta nuna kore daga sama har ƙasa. Saƙo biyu suka shigo kusan tare.

Na farko nasa ne. "Gimbiya, na san ɓacin rai ne. Na yafe miki. Ki nemi afuwar Umma, gobe zan zo da wata waya sabon fita da na yi miki oda."

Ya yafe min. Na karanta sau biyu don in tabbatar idona ne, sannan na toshe lambar, na ji kamar na cire takalmi mai matsi.

Na biyu na Madam ne. "Ya yi kore. Litinin ki zo da kwamfutar da katinki na shiga ofis, ki same ni kafin kowa ya iso."

Da katin. Mai kujerata ma da katinsa aka ce ya zo. Amma shi ba a ce masa kafin kowa ya iso ba, kuma shi ƙarya ya fara yi. Na juya saƙon nan ta kowace fuska, ban san me ke cikinsa ba, Madam ba ta sa zuciya a saƙo balle ka gane inda ta dosa.

Aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, Umma ce, babu mayafi, da ledar leshin a hannu. Ta ajiye ta a bayan ƙofa, can inda muke tara abin da za a mayar wa masu shi. Ta zauna a bakin gadona, ta daɗe tana kallon rubutun da ke gangarowa a baƙin allon, kamar yau ta fara ganinsa. Katina na kan durowa da igiyarsa shuɗiya. Ta ɗauka, ta goge hoton da gefen zaninta.

"In sun karɓe fa?" ta ce.

"Sai in nemi wani."

"Aikin ko mijin?"

"Aikin, Umma."

Ta yi ajiyar zuciya, ta mayar da katin inda yake, ta miƙe. Har ta kai ƙofa ta tsaya, ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Wannan ɗin, yaushe zai gama?"

"Da sauransa. Daga farko na sake."

"To bar ƙofar a buɗe ki je ki ci abinci," ta ce, ta jawo kujerata ta zauna a gabanta, ta harɗe hannuwa. "Ni zan yi gadin. In ga wanda zai taɓa."